Karatun Tsarin Mulki a Tsakar Gida

 A makon nan ina so mu yi magana a kan wani irin karatu da ya fara yawa a garuruwanmu, watau wanda ake biyan malami ko malama su koya wa yaro a gida bayan an tashi daga makaranta, wanda yara ke ce wa lesin. Galibin iyaye don lissafi ko Turanci suke neman lesin, ba kuwa mai ganin laifinsu. Amma ni abin da nake koyarwa a gida shi ne tsarin mulkin ƙasa, kuma tun da na soma ba tambayar da na sha ji kamar wannan: ina ruwan 'ya mace da tsarin mulki? Maza sun yi mini ita, mata ma sun yi. Tun da fili namu ne, na ga ya kyautu in ba da amsa a nan, domin uwar da ke shawarar ko ta fid da kuɗinta ta san abin da za ta saya.

Ga yadda abin ya samo asali. Bayan na gama kwalejin horon malamai na komo gida Dinawa ina koyarwa, sai waɗansu 'yan mata uku masu shirin jarrabawar WAEC da NECO suka roƙe ni in riƙa bi musu darasin Gwamnati, don Turancin littafin ya yi musu nauyi. Ɗaya daga cikinsu burinta ta karanta lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Daga baya wata 'yar ƙanwar babata da ke karatun lauya, wadda tsarin mulki ke cikin darussan da za a jarraba ta a kai, ta riƙa zama da mu in ta zo hutu. Mukan zauna kwana uku a mako, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, bisa tabarma a tsakar gida. Ba a daɗe ba matan maƙwabta suka fara shigowa da fayafayansu, suna tsintar shinkafa suna saurare. Masu biya da kuɗi suna biya, waɗansu kuwa sai an yi girbi su aiko da kwanon shinkafa ko kwandon albasa. Ni dai malamar makaranta ce, ban yi karatun lauya ba, abin da na iya shi ne in ɗauki magana mai wuya in warware ta yadda yarinya za ta gane.

Ranar farko da kwanon awo nake somawa. Kowace mace da ta taɓa aiken kasuwa ta san in aka yi gardama a kan hatsi, tiya ake ɗaukowa a auna, magana ta ƙare. To, haka tsarin mulki yake ga sauran dokoki. Wanda muke aiki da shi ya fara aiki ran 29 ga Mayu, 1999, yana da babi 8 da sashe 320. Sashe na 1 ya nuna shi ne bisa kowace doka da kowane mai mulki, kuma duk dokar da ta saɓa masa, iyakar wurin da ta saɓa ya zama banza. Shugaban ƙasa da Gwamna da ciyaman da ɗan sanda duk da wannan kwano ake auna aikinsu. Yarinyar da ta riƙe wannan kaɗai ta riga ta sami rabin darasin.

Waɗansu kan ce wannan ilmin Turawa ne, babu shi a wurin kakanninmu. Mai faɗin haka bai san ƙasar da yake takawa ba. Ga Wurno nan kusa da mu, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837, kabarinsa kuma yana nan. Shi ya rubuta Usulus Siyasa, a kan ƙa'idodin riƙon jama'a. Baffansa Abdullahin Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami don masu mulki su san iyakarsu. Shehu Usmanu da kansa, cikin Nurul Albabi, ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ita ta naɗa jajojin 'yan taru, suna ɗauko karatu daga wurinta suna kai wa mata har ƙauyuka. Ashe koya wa mace ilmi a cikin gida gadonmu ne, haka kuma tambayar iyakar ikon mai mulki.

Daga nan sai mu shiga tarihi, wurin da 'yan makaranta suka fi jin tsoro saboda yawan shekaru da sunayen Turawa. Ni kuwa ba na barin su haddace kome sai sun yi wa kowane tsari tambaya uku: wa ya shirya shi, wa ya ba murya, wa ya bari a waje? Tsarin Gwamna Clifford na 1922 shi ya fara kawo zaɓe, amma kujera huɗu tak, uku a Ikko, ɗaya a Kalaba, masu zaɓen kuma maza ne masu samun fam 100 a shekara. Arewa ba ta cikin wannan majalisa, Gwamna ke yi mata doka shi kaɗai. Tsarin Richards na 1946 ya raba ƙasa jiha uku, Arewa da Yamma da Gabas, ya kuma haɗa wakilan Arewa da na Kudu a majalisa guda. Na Macpherson na 1951 sai da aka bi ƙauyuka da larduna ana jin ra'ayin jama'a, aka yi babban taro a Badun a 1950, kana aka shirya shi. Na Lyttelton na 1954 ya mai da Nijeriya tarayya, kowace jiha da Firimiyanta, a nan ne Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah maƙwabciyarmu, ya zama Firimiyan Arewa. Sai na mulkin kai a 1960, sai na jamhuriya a 1963 da ya raba mu da sarautar Sarauniyar Ingila, sai na 1979 da ya kawo shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka. Wanda ya fara hawa wannan kujera shi ne Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta daga ƙasar Sakkwato.

Tambaya ta uku ita ke sa masu tsintar shinkafa su ɗago kai. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai mu ga mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba a ba su ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri da duka saboda neman wannan haƙƙi da waɗansunsa. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara zaɓe, tsarin 1979 kuma ya tabbatar musu da shi. Nakan ce wa yara su yi lissafi: matar da aka haifa a 1940 sai da ta kai shekara 36, ta yi 'ya'ya, watakila har da jikoki, kafin a yarda ta zaɓi ko da kansila. Katin zaɓen da ke cikin adakar uwarki, wanda take yi wa riƙon sakainar kashi, sai da wata mace ta kwana a kurkuku kafin a same shi. Yanzu duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, namiji ko mace, yana da ikon yin rajista. Tun gyaran da aka yi a 2018 kuma, mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai ko Majalisar Dokokin Jiha. Wurno da Rabah kujera guda suke da ita a Majalisar Wakilai, Goronyo kuwa da Gada take haɗe. Babu sashen da ya ce namiji kaɗai zai zauna bisa waɗannan kujeru.

Inda muka fi daɗewa shi ne Babi na 4, daga sashe na 33 zuwa na 46, wanda ya jera haƙƙoƙin kowane mutum. Wannan babi nake so kowace matar aure ta sani ko da ba za ta taɓa zama jarrabawa ba. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama, dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. In akwai kotu cikin nisan kilomita 40, sai a kai shi gabanta cikin kwana guda, in babu, cikin kwana biyu ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci don ƙabilarsa ko addininsa ko garinsu, ko don kasancewarsa namiji ko mace. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar gida ko fili ko'ina a Nijeriya, na 44 kuwa ya ce in hukuma za ta karɓe, sai da doka da diyya. Wanda aka taka wa ɗaya daga cikin waɗannan, sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu.

Wata rana ina bayanin kamu, na ƙara musu da cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, ta kuma hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Sai wata dattijuwa daga cikin masu saurare ta ajiye faifai, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ba mu labarin ƙanwarta da ke aure a wani gari, wadda mijinta ya ci bashi ya tafi ci-rani, aka zo nemansa ba a same shi ba, aka tafi da ita da goyo a baya. Kwana biyu ta yi a tsare, sai da dangi suka sayar da akuya kafin a sake ta. Tsohuwar nan ta yi shiru, can ta ce, "Ashe akuyarmu a banza ta tafi." Ba wanda ya yi dariya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa ran nan na ga kuɗinsa a fili, akuya guda da kwana biyu na mai shayarwa.

Akwai iyaye maza masu tsoron kada wannan karatu ya raba 'ya'yansu da Shari'ar Musulunci. Su ma littafin nan ya ba su amsa. Sashe na 38 ya kare addinin kowa. Sashe na 275 zuwa 279 sun ba jihar da ke so ikon kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, na 277 kuma ya lissafa abin da take dubawa: aure da rabuwarsa, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Saboda haka in 'yan'uwa maza suka riƙe gonar fadama suka ce mace ba ta gadon ƙasa, Shari'a suka fara saɓa wa, domin ita ta yanka wa 'ya rabonta, tsarin mulki kuwa ya tanadi kotun da za ta karɓar mata. A ƙasar Ibo, inda wata al'ada ta hana 'ya mace gadon ubanta, sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje ta 2014, aka yanke cewa al'adar ta saɓa wa sashe na 42, ta faɗi. 'Yar'uwata mai karatun lauya ita ta kawo mana wannan shari'a, yara kuma suka ga yadda kwanon awo ke aiki a zahiri.

Amma fa ba na ɓoye musu wuraren da littafin ya gaza, domin malamin da ke yabon littafi kaɗai talla yake yi. Sashe na 26 ya yarda baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya ta yi rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama ba. Mu da ke kusa da iyaka, muke auratayya da mutanen Ƙonni da Maraɗi, wannan magana a ɗakinmu take. A watan Maris na 2022 an kai gyaran wannan sashe gaban Majalisar Tarayya tare da waɗansu buƙatun mata, bai sami ƙuri'un da ake bukata ba.

Darasin da ya fi kowanne ɗaci shi ne Babi na 2. A nan ne sashe na 14 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban aikin gwamnati, sashe na 18 kuma ya yi zancen ilmi kyauta in hali ya samu. Sai dai sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babi. Mu mutanen gabashin Sakkwato ba sai an fassara mana kalmar tsaro ba. Mun ga harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, mun ga waɗanda suka baro ƙauyukansu da gonakinsu suka zo suna raɓe a gidajen dangi. Da na karanta wannan wuri, ƙaramar cikin ɗalibaina ta ce, "Malama, to ina amfanin alkawarin da ba a iya kai ƙara a kansa?" Tambayar lauya ke nan, na kuwa ji daɗinta fiye da amsa goma da aka haddace. Na ce mata amfaninsa biyu. Na ɗaya, alkawari ne a rubuce, wanda ya zo neman ƙuri'a ana iya tuna masa da shi, ranar zaɓe kuma mai ƙuri'a shi ne alƙali. Na biyu, in majalisa ta ɗauki alkawarin ta mai da shi doka, ya zama wajibi. Haka aka yi a 2004, da aka kafa dokar ilmin bai-ɗaya, wadda ta sa karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, ya zama kyauta kuma dole ga kowane yaro, mace da namiji.

Shi kansa tsarin mulki ana iya gyara shi, amma da wuya. Sai kashi biyu cikin uku na sanatoci 109 da na wakilai 360 sun yarda, sa'an nan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. In Babi na 4 za a taɓa, sai kashi huɗu cikin biyar na Majalisar Tarayya. Ke nan ɗan majalisar da muka tura Sakkwato yana da hannu a cikin littafin da ke mulkin ƙasa duka, mu kuwa muna da hannu a zaɓensa.

To, uwar da ta yi niyyar sa 'yarta lesin, ga abin da zan ba ta shawara a kai. Ki tambayi malamin ko yana da littafin tsarin mulkin kansa, bugu na kusa mai ɗauke da gyare-gyare. Wanda ba shi da kome sai ƙasidar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, aku zai mai da miki yarinya. Ki tabbata yana fara bayani da Hausa har a gane, kana ya koma Turanci, domin da Turanci za a rubuta jarrabawa, amma da harshen uwa ake fahimta. Ɗalibai kada su yi yawa, in sun wuce abin da tabarma biyu za su ɗauka, an koma ajin da aka gudo daga gare shi. A yi karatun da rana, a sarari, inda manya ke gani, in an sami malama mace ya fi. Ku yanke lada tun farko, kuɗi ne ko hatsi, don kada zumunci ya ɓaci. Ki guji wanda ya yi miki alkawarin samo amsar jarrabawa, wanda ya koyi doka ta hanyar sata ba abin kirki zai yi da ita ba. Haka kuma malamin da ke rage karatu a aji don ya sayar da shi da yamma ya ci amana, lesin ƙari ne bisa makaranta. Daga ƙarshe ki rage mata talla da aikin gida a ranakun karatu, don wadda ta yini tana yawo da faranti a ka, barci za ta yi bisa littafi.

In kina so ki san ko kuɗinki na aiki, ba sai kin iya Turanci ba. Da dare kina tuƙa tuwo, ki ce ta faɗa miki da Hausa abin da aka koya mata yau, ki kuma yi mata tambaya. In ta iya gamsar da ke, ta gane. In ta tsaya tana jero Turanci ba ma'ana, ki je ki ga malamin. Ta haka ke ma kin sami karatu ba da ƙarin ko kwabo ba.

Ku kuma 'yan makaranta, mai son zama lauya ta san hanyar tana da tsawo: shekara biyar a jami'a, sa'an nan Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Amma waɗansu sun bi ta sun kai. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, 'yar Arewa, ita ce mace ta farko da ta zama Babbar Jojin Nijeriya, daga 2012 zuwa 2014. Sannu ba ta hana zuwa. Ina kuma jan kunnenku, sanin sashe biyu ko uku bai mai da yarinya lauya ba, bai kuma ba ta izinin ɗaga wa iyaye ko miji murya ba. In matsala ta taso a gida, abin da saninku zai yi shi ne ya nuna cewa akwai haƙƙi a nan, a tafi wurin masana. Tun 1976 gwamnati ta kafa hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, sai a neme ta. Mai ilmi da ladabi ita ake saurara wa a gaban manya.

Wadda ke da tambaya a kan wani sashe, ko wadda ke irin wannan koyarwa a garinsu, ta rubuto wa wannan fili mu ƙaru da juna. Ina roƙon mazan da ke karanta wa matansu jarida kada su tsallake shafin nan. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka baro gidajensu garuruwansu cikin aminci. Amin.